Ɗakin Ajiye Kwat, a Hull

Aikina rataye kwat.
In karɓi jiƙaƙƙiya, in miƙa lamba,
in zauna bayan rabin ƙofa
ina jin kiɗa ta bango, kamar mai satar hirar maƙwabta.

Daren yau na Bryony Askew ne.
Kujera ɗari biyu, an sayi ɗari da sittin.
Ita da a da sai an tare titi in za ta wuce,
yau ta shigo da jitarta a kafaɗa,
takalmi ya sha ruwan bakin tasha,
ta ce, "Da sauran wuri?"
Ta miƙo kwat, maɓalli ɗaya na lilo da zare.
Lamba arba'in da ɗaya.

Na san fuskar nan tun tana sha biyar.
Shekara uku tana manne a ƙofar ɗakin Umaimata,
gashi ruwan hoda, haƙora tas,
tana yi mini murmushi duk na hau bene da kwandon wanki.
Waƙarta ta lemo da bazara,
na ji, na ji, har na haddace ba da sona ba,
'yar siririyar murya
kamar an ja roba an saki.

Yanzu talatin da ɗaya.
An ce likita ya sa wa maƙogwaron wuƙa,
ta yi wata bakwai biro ne bakinta.
Da muryar ta dawo, ba ta koma saman bene ba,
ƙasa ta sauko, ta cire takalmi, ta zauna.

Ba 'yan rawa, ba hayaƙi.
Wani dattijo a kan fiyano, shi ke nan.
Ta rera mahaifinta yana ƙirga kuɗinta a teburin kicin.
Ta rera otal-otal, yadda labulensu duk uwa ɗaya ta haife su.
Ta rera wata babu soyayya ko ta kwabo,
sai kuɗin haya,
da ranar da ta fara dafa wa kanta shinkafa, ta ƙone, ta cinye.

Sai wani daga can baya, kwalba ta ɗan taɓa shi:
"Ta lemon! A ba mu ta lemon!"
Wasu dariya, wasu tsaki.
Na leƙo.
Ta daɗe tana murɗa kunnen jita.

Ta yi ta.
Amma a hankali, kamar mai tsallakar da tsohuwa titi.
Ba ta sauya ko wasali ba,
sai ga shi ashe yarinya ce ke roƙon rana kada ta faɗi
don ba ta son komawa gida.
Shekara sha shida muna taka rawa a kan wannan roƙo.
Da ta kai aya, tafi ma ya rasa ta inda zai fara.

Umaima na Glasgow.
Ita ma muryarta ta sauka a waya:
"Mama, lafiya lau," a taƙaice, da nauyi a ƙarƙashi.
Ni kuwa kullum: ina dariyar nan taki?
Ina surutun da kike cika mini mota da shi?
Ashe mutumin can na baya,
ba tare da kwalba ba, ni ce.

Sha ɗaya da rabi ta zo da lambarta.
Na riga na ɗinke maɓallin.
"Zaren bai dace ba," na ce, "kore kawai gare ni."
Ta shafa shi da babban yatsa.
"Bar shi a gan shi," ta ce,
ta ɗaga wuyan kwat, ta shiga ruwan sama.

Na kashe fitila, na tara lambobi a gwangwani.
Arba'in da ɗaya da ɗuminta.
Na danna Glasgow.
Tana ƙara, tana ƙara,
na dafe bakina da hannu
don in ji wace ce za ta ɗauka.